Mai Dokar Barci Ya Ɓuge da Gyangyaɗi

Ran 5 ga watan Mayu, 1974, gidan talabijin na NBC da ke Amurka ya nuna wani kashi na wasan kwaikwayon nan na 'yan sanda mai suna Columbo, wanda aka raɗa wa suna "A Friend in Deed", watau abokin da ke nuna abotarsa a aikace. Yau an fi shekara hamsin da yin haka, Peter Falk ma, wanda ya fito a matsayin Laftana Columbo, ya rasu tun 2011, amma masu sha'awar shirin ba su daina komawa ga wannan kashi ba. Suna sake kallonsa, suna tafka musu a kansa, da yawa daga cikinsu kuma suna sa shi a sahun gaba cikin kashi 69 da aka yi tsakanin 1968 da 2003. In ka tambaye su dalili, galibinsu tarkon da aka ɗana a ƙarshen wasan za su ambata maka. To, ni a nawa ganin, tarkon nan shi ne mafi ƙarancin abin koyi a cikin wasan duka. Abin da ya cancanci a koma masa shi ne aikin da ya gabaci tarkon, watau yadda ƙaramin ma'aikaci ya ci gaba da bin hujja bayan ya tabbata cewa ƙofar maigidansa ta nufa.

Kafin mu yi nisa, ya kamata wanda bai san shirin ba ya ji yadda aka gina shi. Richard Levinson da William Link ne suka ƙago shi, suka kuma birkita al'adar irin waɗannan labarai. A al'adance akan ɓoye wa mai kallo wanda ya yi kisa sai a minti na ƙarshe. A Columbo kuwa, kusan a kowane kashi, tun da fari ake nuna maka mai laifin ƙuru-ƙuru: ka ga shirin da ya yi, ka ga aika-aikar, ka ga yadda ya share sawunsa. Bayan nan ne laftanan 'yan sandan birnin Los Anjelis zai bayyana, sanye da wata yamutsattsiyar rigar ruwa, da guntuwar taba mai kauri a hannu, cikin tsohuwar mota ƙirar Peugeot 403, kakar Fijon nan da kowa ya sani a titunanmu. Ba ya yawo da bindiga, ba ya ɗaga murya, in ya yi sallama ya kai bakin ƙofa sai ya juyo ya ce saura 'yar tambaya ɗaya. Masu laifin kuwa galibi manya ne, likitoci da marubuta da attajirai, waɗanda ke yi masa kallon sakarai har zuwa ranar da dubunsu za ta cika.

Wannan gini shi ne dalilin da ya sa shirin ke jure maimaici. Labarin da daɗinsa duka ya rataya ga sanin wane ne ya yi kisan, da zarar ka sani ya zama rake da aka tauna, ba sauran zaƙi. Amma labarin da tun farko bai ɓoye maka komai ba, kallo na biyu ba ya rage masa komai, sai ma ya ƙara. A kallon farko hankalinka na ga ko za a kama mutumin. A na biyu da na uku, tun da ka riga ka san an kama shi, sai idonka ya koma ga aikin kansa: me laftana ya fara lura da shi, wa ya tambaya, yaushe ya fara zargi, me ya haɗiye bai faɗa ba. Wanda ya kalli kashin da muke magana a kai da irin wannan ido zai tarar da abin da ya fi dabara nauyi.

Ga yadda labarin yake, kamar yadda Peter S. Fischer ya rubuta shi, Ben Gazzara kuma ya ba da umarni. Wani mutum mai suna Hugh Caldwell ya yi faɗa da matarsa Janice, cikin zafin zuciya ya kashe ta. Da ya dawo hayyacinsa sai ya garzaya wurin abokinsa kuma maƙwabcinsa, Mark Halperin, wanda Richard Kiley ya fito a matsayinsa. Shi Halperin ɗin nan ba kowa ba ne illa Mataimakin Kwamishinan 'Yan Sanda. Maimakon ya ce masa ya miƙa kansa, sai ya ce ya zauna a kulob inda idon jama'a zai gan shi. Shi kuwa ya shiga gidan, ya sauya wa gawar tufafi ya sa mata rigar barci, ya kwashe kayan adonta, ya kuma ɗauki tarho sa'ad da Caldwell ya bugo daga kulob, don mutane su ɗauka matar tana da rai a lokacin. Da ma akwai wani ɓarawo da ya addabi unguwar masu kuɗi ta Bel Air da fasa gidaje, saboda haka laifin ya sami wuyan da za a rataya masa.

Ashe taimakon ba don Allah ba ne. Halperin ɗan caca ne kuma manemin mata, dukiyar da yake fantamawa da ita kuwa ta matarsa Margaret ce, wadda ke rabar da ita ga ayyukan jinƙai yana kallo yana cizon yatsa. Ya fara da barin magana ta fita cewa matarsa ta hango ɓarawon, don a ga dalilin da zai sa ɓarawon ya dawo mata. Daga nan ya danna ta cikin bahon wanka har ta mutu. Sa'an nan ya je wa Caldwell da maganar biyan bashi: ya tilasta shi ya yi shigar ɓarawo, ya jefa gawar cikin tafkin ninkaya na gidan da dare, a daidai lokacin da shi Halperin ke shawagi a sama cikin jirgin 'yan sanda mai saukar ungulu, ga shaidu a gefensa. Wace shaida ta fi wannan? Mataimakin Kwamishina yana bakin aiki, a sararin sama, 'yan sanda na ganinsa, aka kashe masa mata. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, kuma ba mai iya cewa ya ga idonsa a rufe.

To, a nan ne aikin Columbo ya fara, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya tsaya ya duba da kyau. Ba wani wahayi da ya sauko masa. Ƙananan abubuwa ne ya bi ɗaya bayan ɗaya. Ya gano cewa Janice takan ajiye rigar barcinta a ƙarƙashin matashin kai, amma wadda ke jikin gawar daga ma'ajiyar tufafi aka ciro ta. Ke nan ba ita ta sa wa kanta ba, ba kuma mijinta ba ne, domin shi ya san al'adar matarsa. Ya lura babu zanen yatsunta a kan tarhon da aka ce ta ɗauka. Ya je wurin mai sayar da kayan ado, ya ji cewa ta daɗe tana sayar da na gaske tana maye gurbinsu da na jabu. Ƙwararren ɓarawo kuwa ba ya wahalar da kansa a kan gilashi. Game da Margaret, binciken likita ya nuna alamar sabulu a huhunta. Ruwan tafkin ninkaya ba ya da sabulu, na baho ke da shi. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa a kama mutum da shi, amma duk inda aka jera su, gida ɗaya suke nunawa.

Abu na farko da kallo na biyu ke bayyanawa shi ne bambancin wannan kashi da 'yan'uwansa. A sauran, mai laifi attajiri ne da zai iya kiran lauya, ko ya kai ƙarar laftana wurin manyansa. A nan kuwa mai laifin shi ne manyan. Shi ke karanta rahoton binciken da ake yi a kansa, shi ke cewa a bi nan a bar can, shi ke magana da 'yan jarida da sunan rundunar. Ya umarci Columbo ya daina ɓata lokaci, ya mai da hankali ga neman ɓarawo. Ka lura, umarnin nan ba ya da kamar laifi ko kaɗan. Ba a ce masa ya ƙona takarda ba, ba a miƙa masa ambulan ba. An dai ce masa ga amsa nan an riga an samu, ya je ya cike fom. Duk wanda ya taɓa zama a ofis ya san cewa ɓarna ba kasafai take zuwa da ƙaho ba. Yawanci da irin wannan murya take zuwa, muryar maigida mai gaggawa wanda ba ya son a tsawaita magana.

Me Columbo ya yi? Bai yi tawaye ba, bai kuma yi biyayyar makaho ba. Ya ci gaba da ba Halperin girmansa, yana shiga ofishinsa da ladabi, yana yi masa ta'aziyyar matarsa, yana kuma ajiye masa tambayoyin da ba su da amsa. An ce masa ya nemi ɓarawo, ya kuwa neme shi da gaske: ya je sashen da ke binciken sata, ya bi fayilolin tsofaffin ɓarayi, har ya kai ga wani mai suna Artie Jessup, wanda Val Avery ya fito a matsayinsa. Watau ya cika umarnin da aka ba shi har iyakarsa, cikawar ce kuma ta rusa ƙaryar. Ga abin da nake ganin masu yaba tarkon ƙarshe suna tsallakewa. Jarumtakar mutumin nan ba ta cikin wata magana mai zafi da ya yaɓa wa maigidansa. Tana cikin ƙin rufe fayil alhali da sauran tambaya a cikinsa. Ya gane cewa biyayyarsa ga kujerar take da abin da aka kafa ta dominsa, wanda ke zaune a kanta kuwa yana da haƙƙin ladabi, amma ba ya da haƙƙin a yi ƙarya dominsa.

Abu na biyu shi ne Jessup, wanda sau da yawa akan manta da shi in ana hirar wasan. Jessup ba waliyyi ba ne. Ɓarawo ne na gaske, ya sha zaman kurkuku, kuma shi ne ke fasa gidajen Bel Air. Da an kama shi an ce shi ya kashe matan nan biyu, wa zai tsaya masa? Jaridu za su buga, masu gidaje su yi barci da minshari, a yaba wa runduna, Mataimakin Kwamishina ya gaji dukiyar matarsa. Kowa ya huta, sai mutum ɗaya da ba wanda ya damu da shi. Makircin Halperin duka a kan wannan lissafi ya tsaya: in an auna maganar babban jami'i da ta tsohon ɗan fursuna, ba mai ɓata lokaci ya dubi ma'auni. Columbo ya duba. Ya nuna wa Jessup zoben Janice, mutumin ya kalle shi sau ɗaya ya ce gilashi ne. Daga nan laftana ya tabbata ba shi ya kwashi kayan jabu ba. Bai wanke shi daga sata ba, bai kuma yarda a ɗora masa kisan da bai yi ba. Adalcin da ya tsaya ga mutanen kirki kaɗai ba adalci ba ne, son kai ne. Inda ake gane na gaske shi ne ranar da wanda za a zalunta ya kasance mutumin da kai kanka ba ka so.

Yanzu sai mu zo ga tarkon. Columbo ya shawo kan Jessup ya je wa Caldwell da barazanar tona masa asiri in bai ba shi kuɗi ba. Caldwell ya ruɗe ya kai wa Halperin labari. Halperin ya ga dama ta samu: ya leƙa fayil ɗin Jessup, ya ɗauki adireshin da ke ciki, ya saci jiki ya je ɗakin ya ɓoye kayan adon Janice. Sa'an nan ya sa aka kama Jessup, ya samo takardar izinin bincike, ya jagoranci 'yan sanda zuwa ɗakin da kansa. Kafin a gano kayan, Columbo ya faɗa masa a gaban kowa cewa shi yake zargi da kashe matarsa, Halperin kuwa ya ce masa a bakin aikinsa. Aka ɗaga katifa, ga kaya. Sai Jessup ya ce shi ba nan yake zaune ba. Laftana ya buɗe aljihun tebur ya nuna rigunansa da hotunan danginsa: shi ne ya kama hayar ɗakin, shi ne kuma ya sauya adireshin da ke cikin fayil, ba kuwa wanda ya ga adireshin nan sai shi da Halperin. In za ka gina ramin mugunta, in ji Hausawa, gina shi gajere.

Ba shakka wurin nan yana da daɗin kallo, ba na kuma ganin laifin wanda ya maimaita shi sau goma. Amma akwai masu sukarsa, kuma sukar tasu ba ta banza ba ce. Suna cewa jami'in da ya sauya adireshi a takardar hukuma, ya kuma sa tsohon ɗan fursuna ya yi wa wani barazana, ya taka dokar da yake karewa. Masu kare shi kan amsa da cewa a shari'ar Amurka abin da aka hana shi ne hukuma ta ingiza mutum ga laifin da ba ya da niyyarsa. Halperin kuwa ba wanda ya ce masa ya je ya ɓoye kaya a ɗakin wani, zuciyarsa ce ta kai shi. Suna ƙarawa da cewa ƙaryar Halperin an yi ta don a ɗaure marar laifi, ta Columbo kuwa ba ta iya cutar da kowa sai wanda ya miƙa hannu ya taɓa ta. Wannan amsa tana da ƙarfi, na kuma yarda da ita gwargwadon abin da ya shafi wasan.

Sai dai akwai abin da amsar ba ta taɓa ba. Me ya sa zukatanmu suka natsu da ƙaryar Columbo? Domin mun ga kisan da idonmu tun farkon wasa. Marubucin ya zaunar da mu a inda ba alƙalin da ya taɓa zama. A duniyar gaskiya ba wanda ake nuna wa rabin sa'ar farko. Jami'in da ya tabbata a ransa cewa wane mai laifi ne, ya ga hujja ta gaza, ya ce bari ya taimaka mata da 'yar ƙarya, shi ma yana jin kansa Columbo ne. A birnin Los Anjelis ɗin nan dai, a 1999, wani ɗan sanda mai suna Rafael Perez na sashen Rampart ya amsa cewa shi da abokan aikinsa sun riƙa ɗora wa mutane kayan laifi suna kuma yin rantsuwar ƙarya a kotu. A cikin waɗanda abin ya shafa har da wani saurayi da aka harba a 1996 ba ya ɗauke da makami, aka ajiye bindiga a gefensa, aka yanke masa shekara 23. Daga baya sai da aka soke hukunci fiye da 100. Saboda haka duk wanda ya fito daga kallon wasan nan da darasin cewa ƙarya a fayil halal ce muddin kana da gaskiya, ya ɗauki ƙaiƙayi ya bar tsaba. Rigar barci da tarho da sabulu su ne abin da kowane alƙali zai iya aunawa da kansa; su ne aikin, tarkon kuwa ado ne na talabijin.

Akwai kuma wani wuri da wasan ya yi mana rangwame, wanda ya kamata mai hankali ya sani. An rufe labari a daidai lokacin da Halperin ya sunkuyar da kai. Ba a nuna mana washegari ba, ba a nuna yadda abokan Mataimakin Kwamishina za su riƙa kallon laftanan da ya kunyata runduna ba. Masu kallo na 1974 kuwa sun san yadda washegarin take. A birnin Niyok, wani ɗan sanda mai suna Frank Serpico ya yi shekaru yana kai wa manyansa rahoton cin hanci a cikin runduna ba a yi komai ba, har sai da jaridar New York Times ta buga labarin a watan Afrilu na 1970, magajin gari John Lindsay ya kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Whitman Knapp. A watan Fabrairu na 1971 aka harbi Serpico a fuska a wurin wani samame a Brooklyn, kunnensa ɗaya ya kurmance, a 1972 ya bar aiki ya bar ƙasar na tsawon shekaru. A 1973 aka yi fim a kan rayuwarsa, Al Pacino ya fito a matsayinsa.

Ba a runduna kaɗai ba. Ran 20 ga Oktoba, 1973, Shugaba Richard Nixon ya ba da umarni a kori Archibald Cox, lauyan da ke binciken abin kunyar Watergate, saboda ya nace sai an ba shi faya-fayan maganganun da aka naɗa a fadar shugaban. Babban Lauyan Gwamnati Elliot Richardson ya ƙi, ya ajiye aiki. Mataimakinsa William Ruckelshaus shi ma ya ƙi, ya bi sawunsa. Sai na uku a jeri ne ya aiwatar. Ran 24 ga Yuli, 1974, Kotun Ƙoli ta ce dole a miƙa faya-fayan, ran 9 ga Agusta kuma Nixon ya sauka daga mulki, wata uku da 'yan kwanaki bayan nuna kashin da muke magana a kai. Ba na cewa marubucin ya nufi Nixon ne da Halperin. Abin da nake cewa shi ne, mutanen da suka zauna gaban talabijin a daren nan na watan Mayu sun riga sun san tambayar da wasan ke yi: in mai iko da bincike shi ne abin bincike, wa zai tsaya? Sun kuma ga cewa masu tsayawa sukan biya da aikinsu, wani ma da jininsa. Gaskiya takan yi halinta, amma ba kullum ne wanda ya ɗauko ta yake cin moriyarta ba.

Wani abin lura game da Peter Falk shi ne, kafin ya zama ɗan wasa ma'aikacin gwamnati ne. Ya sami digiri na biyu a fannin gudanar da mulki daga Jami'ar Syracuse a 1953, ya kuma yi aiki a ofishin kasafin kuɗi na jihar Connecticut da ke Hartford kafin ya koma Niyok ya rungumi wasan kwaikwayo. An cire masa idon dama yana ɗan shekara uku saboda ciwon daji, matsayin Columbo kuma ya jawo masa lambar Emmy sau huɗu, a 1972 da 1975 da 1976 da 1990. Mutumin da ya fito da shi a allo bai yi kama da jaruman silima masu tsalle daga mota ba. Ya fi kama da akawun nan mai naci da ake samu a kowace ma'aikata, wanda in lissafi ya gaza da kwabo ɗaya ba ya tashi sai ya gano inda ya shiga, wanda abokan aiki ke yi wa dariya, manya kuma ke jin nauyin shigowarsa. Mai kaza a aljihu, an ce, ba ya jimirin as.

Kai ɗan'uwa ɗalibi da ke shirin karɓar takardar kama aiki, da ke 'yar'uwa da kika riga kika sami tebur a ofis, da wuya ƙwarai waninku ya gamu da maigidan da ya kashe matarsa. Amma da wuya kuma waninku ya yi ritaya bai gamu da fayil ɗin da aka rubuta ƙarshensa kafin a buɗe farkonsa ba: rahoton da aka ce a sa hannu yau-yau, kayan da aka ce sun iso alhali sito wayam, masinja ko direban da aka zaɓa ya ɗauki laifin da ya fi ƙarfinsa don ba ya da kowa. A ranar nan ba za a sami ɗakin haya da za a ɗana tarko a ciki ba, bai ma kamata a nema ba. Abin da zai rage a hannunka shi ne abin da laftana ya yi kafin tarkon. Ka rubuta abin da ka gani da ranar da ka gan shi. Kada ka zargi mutum da abin da ba ka da hujjarsa, kada kuma ka sa hannu a kan abin da hujja ta ƙaryata. Ka ba na gaba da kai girmansa, ka yi tambayarka cikin ladabi, in ba a amsa ba ka sake yi. Kada ka gyara takarda ko da don gaskiya ne, domin ranar da aka gano gyara ɗaya, duk abin da ka rubuta a baya ya zama abin tuhuma. Ka kuma sani tun yanzu cewa mai yiwuwa ne a yi maka canjin wurin aiki zuwa inda ba ka so, ko ƙarin girmanka ya makale shekara da shekaru.

Saboda haka ina goyon bayan masu komawa ga wannan kashi, ina ma kira ga wanda bai taɓa ganinsa ba ya neme shi. Roƙona kaɗai shi ne, in an zo kallo na biyu, kada a yi gaggawar zuwa wurin katifa da riguna. A tsaya a tsakiyar wasan, inda Mataimakin Kwamishina ke zaune bayan teburinsa ya ba da umarni a rufe magana, laftana kuma ya amsa da ladabi, ya nufi ƙofa, sa'an nan ya juyo da 'yar tambayarsa. A daidai wannan lokaci bai san ko zai yi nasara ba, yana da iyali, albashinsa kuma a hannun mutumin da ke gabansa yake. Wannan wuri ne ya kamata masu musu su yi musu a kansa, kowa ya tambayi kansa ko da shi ne zai juyo.